Burukutu: Abin Da Ya Sa Zaɓen Tukunya Ke Da Muhimmanci

Burukutu giya ce ta gargajiya wadda galibi mata ke dafawa a gida, musamman a sassan Filato, Kudancin Kaduna, Binuwai da Taraba. Ana jiƙa dawa har ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, sannan a bar ruwan ya yi tsami. Tsamin nan yana cin ƙarfe, shi ya sa sauya tukunya ya shafi lafiyar masu sha.

Tukunyar ƙasa ita ce ta asali. Ba ta tsatsa, sai dai tana fashewa, kuma tana jinkirin ɗaukar zafi. Gangar ƙarfe ta fi ta ɗaukar ruwa, amma tana tsatsa, kuma wadda aka taɓa zuba fenti ko maganin ƙwari a ciki kan riƙe ragowarsu. Tukunyar alminiyam da ake narkawa daga tarkacen ƙarafa tana saurin tafasa, sai dai wani lokaci tana ɗauke da dalma, wadda tsami ke jawowa cikin abin sha. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi aminci, amma tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramin jari.

Daga shekarar 2000, jihohin Arewa 12 sun ƙaddamar da Shari'a, kuma sana'ar ta koma ɓoye a da yawa daga cikinsu. Ko a inda aka halatta ta, a ƙwarya ake sayar da burukutu, ba ta da lambar NAFDAC. Don haka mai dafawa ce ke zaɓen tukunya, masu sha kuma su ɗauki haɗarin.