Hanyar Iditarod: Daga Fataucin Zinariya Zuwa Tseren Ƙafa a Kan Dusar Ƙanƙara

Hanyar Iditarod, wadda ta ratsa jihar Alaska ta ƙasar Amurka tun daga garin Seward da ke bakin teku a kudu har zuwa garin Nome da ke gabar tekun Bering, tana cikin hanyoyin da ba sa biyuwa sai da hunturu, domin mafi yawan ƙasar da ta keta fadama ce da tafkuna da koguna waɗanda ƙafa ba ta takawa sai sun daskare. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,600, kuma da zarar zafi ya shigo ƙanƙara ta narke, sai sawun da aka yi a kanta ya ɓace, a jira wata shekarar a sake shata shi. Saboda haka ɗorewarta ta dogara ne a kan samun masu komawa kanta duk shekara, waɗanda kuma suke nuna wa na bayansu inda ta bi.

Tun kafin zuwan Turawa, ƙabilun asali na yankin, irin su Dena'ina da Deg Hit'an da Inupiaq, suna da turakun farauta da na fatauci da suka haɗa ƙauyukansu, kuma daga harshensu ne aka samo sunan kogin Iditarod, kalmar da ake fassarawa da wuri mai nisa. Amurka ta sayi Alaska daga hannun Rasha a shekarar 1867 a kan dala miliyan 7.2, amma sai da aka gano zinariya a Nome a 1898, sannan a yankin Iditarod a ƙarshen 1908, hukuma ta ga buƙatar haɗe waɗannan turaku su zama hanya guda. Tun a farkon wannan shekara ta 1908 Walter Goodwin ya riga ya jagoranci ayarin da ya auna hanyar da sunan hukumar hanyoyi ta Alaska. Abin hawan wancan zamani shi ne amalanken karnuka, wato amalanke marar ƙafafu mai sulɓi a kan ƙanƙara, wanda ake ɗaura wa jerin karnuka su ja, matuƙi yana tsaye a baya. Da shi ake kai wasiƙu da abinci, da shi ake fito da zinariya, kuma an kakkafa masauƙai a kan hanya, tsakanin kowane biyu tafiyar yini guda, kamar yadda zango yake ga fatake.

Abin da ya fito da sunan yankin a idon duniya shi ne annobar mashaƙo da ta ɓarke a Nome a watan Janairun 1925, lokacin da teku ta daskare jiragen ruwa ba sa isa garin, likitan garin kuma, Curtis Welch, ba shi da magani mai inganci a hannu. An ɗauko maganin daga Anchorage a jirgin ƙasa zuwa Nenana, daga nan matuƙa 20 da karnuka kimanin 150 suka riƙa karɓa-karɓa, suka ci kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi, maganin ya isa ranar 2 ga Fabrairu. Kare mai suna Balto, wanda ya jagoranci zangon ƙarshe tare da Gunnar Kaasen, shi aka yi wa mutum-mutumi a birnin New York, alhali zango mafi tsawo da haɗari, wanda ya haɗa da tsallaka daskararren ruwan Norton Sound, Leonhard Seppala ne ya yi shi da karensa Togo. Rashin adalcin da ya fi wannan shi ne yadda aka daɗe ba a ambaton matuƙan cikin ƙasa, waɗanda da yawansu 'yan ƙabilun asali ne, duk da cewa su suka ɗauki maganin a gefen kogin Yukon cikin tsananin sanyi.

Bayan wannan ne hanyar ta fara mutuwa. Zinariya ta ja baya, jiragen sama sun karɓe jigilar wasiƙu, sannan a shekarun 1960 babur mai tafiya a kan ƙanƙara ya maye gurbin karnuka a ƙauyuka. Dorothy Page da Joe Redington ne suka tashi tsaye don kada a rasa hanyar da karnukan baki ɗaya, suka shirya gajeren tsere a 1967, shekarar cikar Alaska shekara 100 a hannun Amurka, kafin a yi cikakken tsere zuwa Nome a 1973, inda mutum 34 suka tashi, 22 suka isa, Dick Wilmarth kuma ya zo na ɗaya bayan kwana 20. A 1978 majalisar dokokin Amurka ta sanya hanyar cikin jerin hanyoyin tarihi na ƙasa.

Tseren ƙafa ya biyo sawun na karnuka ne. A shekarun 1980 aka fara gwada hanyar da katakon sulɓi da ake ɗaurawa a ƙafa, a 1987 aka shigo da kekuna, daga 2002 kuma aka haɗe su da masu tafiya da ƙafa a gasar da ake kira Iditarod Trail Invitational, wadda ake farawa daga tafkin Knik a ƙarshen Fabrairu, mako guda kafin tashin karnuka. Gudun fanfalaki na yau da kullum kilomita 42.195 ne, duk abin da ya zarce haka kuma ana lissafa shi cikin gudun da ya wuce fanfalaki. To gajeren zangon wannan gasa, wanda yake hawa tsaunukan Alaska ta mashigar Rainy Pass ya sauka Rohn da Nikolai ya ƙare a McGrath, ya haura kilomita 500, kuma sai wanda ya kammala shi ake bari ya nemi dogon zango zuwa Nome. Mai tafiya da ƙafa yakan ɗaura igiya a ƙugunsa ya ja ƙaramin amalanke mai ɗauke da jakar barci da risho da abinci, wato shi ne matuƙi shi ne kare, kuma masu dogon zango sukan aika guzurinsu tun da wuri zuwa gidajen waya na ƙauyukan da za su ratsa. Sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili, a irin wannan yanayi kuwa gumi abokin gaba ne, domin tufafin da suka jiƙe daskarewa suke yi a jiki. Akwai kuma ruwan da yake malalowa a kan daskararren kogi ya ɓuya ƙarƙashin dusar ƙanƙara, wanda idan ƙafa ta faɗa cikinsa ba a hanzarta sauya safa ba, ana iya rasa yatsu.

Wannan ne ya sa haƙuri da sanin lokacin tsayawa suka fi ƙarfin ƙuruciya amfani a kan hanyar, shi ya sa kuma take cikin wuraren da uba da ɗansa baligi za su iya tsayawa sahu ɗaya ba tare da an yi wa dattijon rangwame ba. Tim Hewitt, lauya daga jihar Pennsylvania, ya haura shekara 60 lokacin da ya taka zuwa Nome a 2016 cikin kwana 19 da sa'o'i 9, ƙasa da kwanakin da karnukan Wilmarth suka ɗauka a 1973. A ɓangaren karnuka ne gādon ya fi fitowa fili, domin Dick Mackey ya ci tseren 1978 da tazarar daƙiƙa ɗaya, ɗansa Rick ya ci na 1983, wani ɗan nasa Lance ya ci huɗu a jere daga 2007 zuwa 2010. Gidan Seavey ya zarce haka, tun da Dan Seavey yana cikin waɗanda suka yi tseren farko, ɗansa Mitch da jikansa Dallas kuma sun yi ta karawa da juna a fili ɗaya: a 2015 da 2016 Dallas ya zo na ɗaya mahaifinsa yana biye, a 2017 kuma Mitch, yana da shekara 57, ya riga ɗansa isa Nome. Abin da ɗa yake karɓa a irin waɗannan gidaje shi ne sanin launin ƙanƙarar da za ta ɗauki nauyin mutum da alamar iskar da ba a fita cikinta, ilimin da ba a samunsa sai ta bin babba shekara da shekaru.

Barazanar da hanyar take fuskanta a yau daga yanayi take zuwa, domin hunturun Alaska yana ƙara ɗumi, wasu shekarun kuma dusar ƙanƙara ba ta sauka yadda za ta rufe duwatsu da kututture a mashigar tsaunuka. Saboda haka ne aka ɗauke wurin tashin tseren karnuka aka mayar da shi birnin Fairbanks da ke arewa a shekarun 2003 da 2015 da 2017 da 2025.