Christy Ring da kambun da bai samu ba

A ranar 23 ga Satumba, 1956, sama da mutum 80,000 suka cika filin Croke Park da ke Dublin, babban birnin Ailan, don kallon wasan ƙarshe na hurling tsakanin gundumar Cork da ta Wexford. An jinkirta wasan a shekarar saboda annobar shan-inna da ta ɓarke a Cork. Yawancin idanu na kan mutum guda, Christy Ring, ɗan shekara 35, wanda ke riƙe da kambun ƙasa takwas, yana neman na tara.

Hurling wasa ne na mutum goma sha biyar a kowane ɓangare, ana buga ƙaramar ƙwallon fata da sanda mai faɗin baki. Idan ƙwallo ta shiga raga maki uku ne, idan ta bi ta saman sandar raga maki ɗaya. Ƙungiyar GAA, wadda aka kafa a 1884, ita ke tafiyar da shi, kuma har yau ba ta biyan 'yan wasa albashi. Mutum yana buga wa kulob ɗin yankinsa, idan ya yi fice gundumarsa ta kira shi, amma babu ciniki, babu kwangila. Ring, duk da sunansa, direban tankar mai ne.

An haife shi a 1920 a kusa da ƙauyen Cloyne, kuma a nan ya fara wasa. Saɓani ya raba shi da kulob ɗin ƙauyen, abin da ba ƙarami ba ne a tsarin da mahaifa ke yanke wa mutum rigar da zai sa. Ya koma birnin Cork, a 1941 ya shiga Glen Rovers, kulob ɗin unguwar ma'aikata ta Blackpool, wanda a shekarar ya lashe kofin gunduma karo na takwas a jere. A can ya tarar da Jack Lynch, wanda daga baya ya zama firaministan ƙasar.

A rigar Cork, nasara ta zo da wuri: 1941, 1942, 1943, 1944, sannan 1946 yana kyaftin. Masu ƙorafi kan tuna cewa a 1941 annobar cutar shanu ta hana Tipperary da Kilkenny shiga gasar yadda ya kamata. Gaskiya ne, amma hakan bai bayyana sauran ba. Bayan shekaru biyar na fari, ya dawo ya jagoranci wasu uku a jere daga 1952 zuwa 1954, a lokacin da ƙarfin ƙungiyar ya ragu, nauyi kuma ya koma wuyansa.

Sai 1956. Ana dab da tashi, Wexford na gaba da ɗan rata, Ring ya kutsa ya saki ƙwallo da ƙarfi zuwa raga. Mai tsaron gida, Art Foley, ya tare ta. Ba a jima ba Nicky Rackard ya ci a ɗaya ɓangaren, aka tashi Wexford na gaba da maki shida. Da aka busa tashi, 'yan bayan Wexford, Bobby Rackard da Nick O'Donnell, waɗanda suka wuni suna tsare shi, suka ɗaga shi a kafaɗa suka fita da shi daga fili. Bai sake buga wasan ƙarshe na ƙasa ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne wasa bai ƙare masa a nan ba. An zaɓe shi gwarzon shekara a 1959, yana dab da cika arba'in. Bayan Cork ta daina kiransa a farkon shekarun 1960, ya ci gaba da sa rigar Glen Rovers har 1967, inda ya tara kofunan gunduma 14. Kulob ɗin da ya karɓe shi yana baƙo shi ne ya riƙe shi har ƙarshe.

Ya yanke jiki ya faɗi a kan titi a birnin Cork ranar 16 ga Maris, 1979, yana da shekara 58. An binne shi a Cloyne, ƙauyen da ya bari, Jack Lynch kuma, yana kan mulki, shi ya yi jawabi a bakin kabari.