Daga allo zuwa lakwal: tarihin hadda a karatun yaran Nijar

Tun kafin Turawan Faransa su buɗe lakwal a ƙasar nan, Damagaram da Katsinar Maradi da Gobir da Adar suna da tsarin karatu wanda ginshiƙinsa hadda ce. Littafi sai an kwafe shi da hannu, takarda kuwa sai ayari ya ƙetaro Hamada da ita. Saboda haka ƙirjin ɗalibi shi ne rumbun ilimi.

Malaman allo sun shimfiɗa wa hadda ƙa'idoji. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, sannan a riƙa rubuta masa ayoyi kaɗan a allo. Sai ya biya su gaban malam ba tuntuɓe ake ba shi izinin wankewa, a yi masa ƙari. An kasa Alƙur'ani izu 60, kowane izu sumuni 8, wato gaɓoɓi 480, don kada a ɗora wa ƙwaƙwalwa abin da ya fi ƙarfinta. Hannu na rubutawa, ido na kallo, baki na furtawa, kunne na saurare. Abin da aka wanke kuma ba a yin bankwana da shi, ana komawa kansa da tilawa, da asuba da kuma dare a bakin wuta. Sai a shekarar 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna ta hanyar gwaji cewa mantuwa ta fi gaggawa a sa'o'in farko bayan koyo, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama guda. Malaman allo sun daɗe suna aiki da wannan.

Sai dai tsarin yana da giɓi. Yaro na haddace Larabcin da bai ji ba, ma'ana kuwa sai ya kai makarantar ilimi, inda ba kowa ke isa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, cikin ƙasar Nijar ta yau, ya cike wani ɓangare na giɓin da waƙoƙin wa'azi cikin harshen jama'a. Ƴarsa Nana Asma'u ta bi sawunsa da Fulatanci da Hausa, jajinta suna kai waƙoƙin ga matan karkara. A nan hadda da fahimta suka tafi tare.

Lakwal ta zamanin mulkin mallaka ita ma ta dogara da hadda, amma da Faransanci kaɗai. Yaron da ya yi suɓul da baka ya yi Hausa a farfajiya akan rataya masa sambol. Tun wajen shekarun 1930 littafin Mamadou et Bineta na André Davesne ya bazu a makarantun Afirka ta Yamma, ga tatsuniyoyin La Fontaine da jadawalin sau, duka ana zubo su gaban mushe da ka. Yara da yawa sun iya karanto shafi guda ba tare da sun san abin da ke ciki ba, bayan jarrabawa kuma babu tilawar da za ta tsare shi. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, Abdu Mumuni ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu.

An fara amsa kiran a 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke soma karatu da Hausa kafin Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 kuma ta sanya harsunan ƙasa tare da Faransanci cikin harsunan koyarwa. Da yaro ya ji abin da ake faɗi, sai hadda ta sami abin kamawa, domin kalmar da aka gane ta fi zama a kai.

Akwai masu ganin hadda tsohon yayi ce da ya kamata a kora daga aji. Tarihi bai goyi bayansu ba. Ɗalibin da sai ya ƙirga yatsu kafin ya san 7 sau 8, hankalinsa zai ƙare a ƙirga, bai kai ga warware matsalar lissafin ba. Wanda bai riƙe surar kalmomi ba zai gama jimla ya manta farkonta. Abin gudu shi ne haddar da aka raba da ma'ana, da wadda ba a waiwayarta.

Don haka malamai na iya ɗaukar ƙa'idoji uku daga wannan gado: a ba yaro kaɗan, a tabbatar ya gane kafin ya riƙe, a kuma dawo masa da shi bayan kwanaki. Ƙungiyoyin raya al'adu su ma da nasu aiki, wato tattara tatsuniyoyi da kacici-kacici da karin magana daga bakin tsofaffi, a buga su a kai aji, domin da su ne ɗan Bahaushe ke fara horar da ƙwaƙwalwarsa tun bai taka ƙofar makaranta ba.