Tarihin Lambar 2,147,483,647

Lambar 2,147,483,647 tana cikin rukunin da masana lissafi suke kira lambobin firam, wato waɗanda babu lambar da take raba su ba tare da saura ba sai 1 da su kansu. Ana samun ta ne idan aka jera 2 har sau 31, aka ninka su da juna, sannan aka ɗebe 1 daga sakamakon. Duk firam ɗin da aka samu ta wannan hanya ana jingina shi ga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe, kuma wannan lamba ita ce ta takwas a jerinsu, bayan 3 da 7 da 31 da 127 da 8,191 da 131,071 da 524,287.

A shekarar 1588 Pietro Cataldi na ƙasar Italiya ya tabbatar da matsayin 131,071 da 524,287, amma ta takwas ɗin ta fi ƙarfin irin lissafinsa. Mersenne ya sa ta cikin jerin da ya wallafa a 1644 ba tare da ya kawo hujja ba, har sai da Leonhard Euler ya warware batun a 1772, lokacin da yake zaune a birnin Santa Fitasbag na Rasha, ganinsa kuma ya kusa ƙarewa. Euler ya san cewa da lambar tana rabuwa, to da an sami mai raba ta wadda ba ta wuce 46,340 ba. Ya kuma nuna cewa duk firam ɗin da zai iya raba ta dole ne ya bar saura 1 ko 63 idan aka raba shi da 248, saboda haka ya tsallake dubban lambobi, ya gwada 'yan kaɗan da suka cika sharaɗin, kuma babu wadda ta raba ta.

Wannan hujja ta haifar da kammalalliyar lamba ta takwas, wato 2,305,843,008,139,952,128. Kammalalliyar lamba ita ce wadda idan aka tara dukan masu raba ta, ban da ita kanta, sai a sake samun ta, kamar yadda 1 da 2 da 3 suke ba da 6. A 1811 Peter Barlow na Ingila ya yi hasashen cewa da wuya wani ya nemi kammalalliyar lamba wadda ta fi ta takwas ɗin, domin a ganinsa irin waɗannan lambobi ban sha'awa kawai gare su, ba su da amfani. Hasashen bai tabbata ba, domin a 1876 Édouard Lucas ya tabbatar da wani firam na Mersenne mai alƙaluma 39, wanda shi ma yake haifar da kammalalliyar lamba da ta fi ta takwas ɗin girma.

Zamanin kwamfuta kuma ya ba lambar 2,147,483,647 aikin da Barlow bai hango ba. Kwamfuta tana ajiye adadi a gurabe da ake kira bit, kowanne yana ɗaukar 0 ko 1, kuma idan aka ware gurbi ɗaya daga cikin 32 don nuna ko adadin yana sama da sifili ko ƙasa da shi, mafi girman abin da sauran 31 za su ɗauka shi ne 2,147,483,647. Tsarin kwamfuta na Unix yana ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, don haka agogon na'urorin da suka dogara da gurabe 32 zai cika da ƙarfe 03:14:07 agogon GMT ranar 19 ga Janairu 2038, abin da ya sa injiniyoyi suke mayar da manhajoji kan gurabe 64 tun kafin ranar ta zo.