Daga Teburin Faris zuwa Kwamfutar Ɗalibi: Tarihin Zaɓen Kayan Tace Fim a Nijar

1. Gabatarwa

Ɗalibin da zai tashi daga Diffa ya tafi Yamai koyon aikin fim a makaranta, tafiyar da ta haura kilomita 1,300, yakan fara da tambaya ɗaya: wace kwamfutar tafi-da-gidanka zai saya, kuma da wace babbar manhaja, wato tsarin da ke tuƙa na'urar, Windows ko macOS ko Linux? Galibi amsar da ake ba shi ba ta wuce batun kuɗi da ƙarfin na'ura. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa tambayar ta girmi kwamfuta. Asalinta tun farkon sinima a ƙasarmu shi ne: a ina ake tace fim, kuma shin mai tacewar yana jin harshen mutanen da ke ciki? Da kalmar tacewa muna nufin yankan hoto da murya da jera su, abin da ake kira montaj da Faransanci.

2. Zamanin zaren fim

Lokacin da Jean Rouch ya bi kogin Kwara a 1946 da 1947, kyamarar Bell & Howell ce a hannunsa, mai zare milimita 16, wadda ake ɗaure ta kamar agogo, ta yi aiki ƙasa da rabin minti ta tsaya. Ba ta ɗaukar murya. Saboda haka a fim ɗin Moi, un noir na 1958, sai da aka gama ɗaukar hoto sannan Oumarou Ganda ya ɗora maganarsa a kai. Daga baya ƴan ƙasa suka karɓi kyamara: Moustapha Alassane ya yi Aouré a 1962, Oumarou Ganda ya yi Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969, sannan fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar lambar FESPACO ta farko a 1972.

Sai dai ɗaukar hoto rabin aiki ne. Wankin zare da tacewa yawanci a Faris ake yin su, sau da yawa a ƙarƙashin ofishin sinima da ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa ta buɗe a 1963. Wannan yana da illa ta fuskar harshe. Mai tacewar da ba ya jin Zabarmanci ko Hausa yana yanka ne bisa abin da idonsa ya gani, ko bisa fassarar da aka rubuta masa. Doguwar gaisuwa, wadda a wurinmu take bayyana matsayin kowa, a kunnensa ɓata zare ce. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, farashin duk wani aiki da ake biya a Faransa ya ninka, hanyar da dama can ƙunci gare ta sai ta kusa toshewa.

3. Kaset da kwamfuta

A daidai wannan lokaci wata hanya ta buɗe daga kudu. A Kano, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990 a kan kaset ɗin bidiyo. Hoton bai kai na zare kyau ba, amma an tace shi a gida, kuma masu jin harshen ne suka tace shi. Kaset-kaset irin wannan suka ƙetara iyaka zuwa kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Diffa. Bayan haka sai kaset ɗin DV ya fito a 1995, kamfanin Apple kuma ya fitar da manhajar Final Cut Pro a 1999, teburin tacewa ya koma abin da ake iya sa wa a jaka. Sabbin masu fim na Nijar irin su Sani Magori, mai fim ɗin albasar Galmi na 2008, da Aïcha Macky, wadda ta yi karatu a IFTIC kuma ta fitar da Zinder a 2021, duk ƴaƴan wannan zamani ne.

Amma dogaro bai ƙare ba, salo ya sauya. Final Cut Pro a kan kwamfutar Apple kaɗai take aiki. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sabuwar manhajar Premiere sayen dindindin, sai haya ta wata ko ta shekara, wadda ke buƙatar katin banki da shiga intanet lokaci-lokaci. DaVinci Resolve tana da samfurin kyauta a kan manhajojin uku, sai dai tana son na'ura mai ƙarfi, kuma samfurin kyauta na Linux ba ya buɗe hoton H.264, wanda yawancin wayoyi ke ɗauka, sai an juya shi tukuna.

4. Matsalar haruffa

Fim daga kwarin Komadugu ba ya zuwa da harshe ɗaya. Manomin tattasai zai yi magana da Barbarci, makiyayi da Fillanci, ɗan kasuwa da Hausa, don haka rubutun fassara a ƙasan hoto wajibi ne. A nan ne tarihin rubutu ya haɗu da na fim. Taron Bamako na 1966 ya daidaita haruffan harsunanmu, dokokin 1999 kuma suka tabbatar da su a Nijar: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a Hausa, ǝ da ɍ a Barbarci. A shekarun 1990 kowace cibiya takan ƙera nata salon haruffa a kwamfuta, ta yadda da zarar an kai rubutu wata na'ura sai ƙugiyoyin su rikiɗe. Tsarin Unicode ya magance wannan a hankali: haruffan Hausa suna ciki tun farkon shekarun 1990, amma ɍ bai shiga ba sai 2006. A yau manhajojin uku duk suna iya nuna su, muddin an sa salon haruffa irin Charis SIL da allon bugu irin na Keyman, wanda ke aiki a kan ukun. Abin da ya rage shi ne gwaji, domin salon da ya zo da manhajar tacewa yana iya rasa harafi ɗaya ya bar gurbinsa da ɗan akwati. Tun da kundin ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, fassarar da ba ta bambanta ƙafa da kafa ba ta da uzuri.

5. Zaɓi a yanayin Diffa

Abubuwa uku ne suka kamata su jagoranci ɗalibi. Na farko wuta. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, an ga darajar baturi mai daɗewa. Kwamfutocin Apple na bayan 2020 sun yi fice a nan, kuma MacBook Air ba ta da fanka da za ta zuƙi ƙurar hunturu. Na biyu gyara. Ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar waɗannan na'urori a manne suke, ba a sauya su, alhali kuwa HP ko Dell ko Lenovo ta gwanjo ana samun kayanta da mai gyaranta a Damagaram ko Kano. Sai dai a lura cewa Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irin waɗannan Linux da manhajar Kdenlive ta kyauta na iya farfaɗo da su, musamman idan ana tacewa da kwafin hoto mara nauyi. Na uku mallaka: aikin da ba ya buɗuwa sai an biya haya bai zama na mai shi ba tukuna.

Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi a jihar Diffa. Tun hare-haren Bosso da Diffa a watan Fabrairu 2015, da kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi a watan Mayu na shekarar, garuruwa da dama sun watse. Hirar da ɗalibi ya ɗauka da wani dattijo tana iya zama shaida ɗaya tilo da ta rage game da ƙauyensa da karin harshensa. Don haka kuɗin ma'ajiya biyu na waje, a ajiye su a wurare daban-daban, ya fi cancanta da a fara warewa kafin a yi maganar ƙarin ƙarfin na'ura.

6. Kammalawa

Shawararmu ita ce ɗalibi ya fara tambayar manhajar da makarantarsa ke koyarwa da ita, sannan kafin ya biya ya gwada na'urar da hoton kyamararsa, ba tare da intanet ba, da jimla ɗaya mai ɗauke da ƙ da ǝ da ɍ. Ga sassanmu na harsuna kuwa, akwai aiki a gaba: haɗa kai da masu koyar da fim domin samar da allon bugu da ƙa'idojin rubutun fassara na Hausa da Barbarci da Fillanci, waɗanda za a sa wa kowace na'ura tun ranar farko.