Ma'auni Shi Ne Jagora: Nazari a Kan Tsara Fuskar Manhaja da Dabarar Juyin Halitta

Duk manhajar da ke cikin waya ko kwamfuta tana da fuska: maɓallai, launuka, jerin zaɓi da girman rubutu. Tsara su ba ƙaramin aiki ba ne. Abubuwa 10 kacal ana iya jera su ta hanyoyi 3,628,800, kuma babu mai zanen da zai gwada su duka. Wannan ne ya sa masana suka koma ga dabarar juyin halitta, wadda John Holland na Jami'ar Mishigan ya kafa harsashinta a littafinsa na 1975.

Dabarar tana kama da aikin manomi mai ware iri. Kwamfuta za ta samar da zane ɗari, alal misali, ta auna kowanne, ta ajiye nagartattu, ta haɗa sassansu, ta ɗan sauya wasu ba bisa tsari ba, sannan ta maimaita a kan sabuwar zuriya. Daga zuriya zuwa zuriya zanen yana ƙara inganta.

To, da me ake awon? Nan gizo ke saƙar. Hanya ta farko ita ce lissafi, kamar ƙa'idar da Paul Fitts ya fitar a 1954, wadda ta nuna cewa lokacin kai hannu ga maɓalli ya dogara ne da nisansa da girmansa. Ƙa'idar tana auna sauri, amma ba ta san kyan gani ko sauƙin fahimta ba. Hanya ta biyu ita ce a sa mutum ya riƙa zaɓar abin da ya kwanta masa, kamar yadda Juan Quiroz da Sushil Louis suka gwada a Jami'ar Nebada a 2007. Matsalarta gajiya ce, wadda Hideyuki Takagi ya yi dogon bayani a kanta a 2001: kwamfuta tana son zagaye masu ɗimbin yawa, mutum kuwa yakan ƙosa da wuri, hukuncinsa ya fara rawa. Hanya ta uku ita ce ƙirga latse-latsen maziyarta shafi, kamar yadda manhajar Sentient Ascend ta yi. Haɗarinta ya fi na sauran, domin idan yawan ciniki kaɗai aka auna, zanen da ke ɓoye maɓallin fasawa yana iya zama zakara.

Abin da nazarin nan ya nuna shi ne dabarar ba ta sauke wa mai zane nauyi ba. Wurin nauyin ta sauya. A da shi ke jera maɓallai, yanzu shi ke yanke abin da za a kira nagarta. Idan aka tsara allon rubutun waya bisa rubutun Ingilishi zalla, haruffan ɓ, ɗ da ƙ ba za su sami gurbi ba, komai yawan zagayen. Saboda haka wajibi ne a tsara ma'aunin tare da waɗanda za su yi amfani da manhajar, har da tsofaffi da masu raunin gani, kafin a ba kwamfuta umarnin farawa.