Akwatin Gawa a Matsayin Kayan Shirin Fim: Nazarin Aikin Kafinta a Wasu Finafinan Turai da Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake ƙera akwatin gawa na katako domin shirin fim, bisa misalai daga finafinai biyar da suka fito tsakanin 1922 da 2010. An bi hanyar kallon ƙurilla ga siffar akwatin, da nauyinsa, da wurin da kyamara ta tsaya. Binciken ya nuna cewa buƙatar kyamara ce ke yanke wa kafinta awo, kuma awon nan yana shiga cikin ma'anar labarin kai tsaye.

Gabatarwa

Masu sharhin fim sun fi karkata ga darakta da jarumi, kafinta kuwa sunansa na can ƙarshen jerin ma'aikata, lokacin da 'yan kallo suka riga suka miƙe. A ganin wannan maƙala hakan tauye haƙƙi ne. Akwatin da za a binne mamaci a cikinsa ana yin sa ne ya rufu sau ɗaya. Na fim kuwa za a buɗe shi a rufe sau da yawa a yini guda, a ɗaga shi, a ja shi a ƙasa, kuma mai rai ne zai kwanta ciki yana numfashi ƙarƙashin zafin fitilu. Saboda haka ana bar masa kafar iska inda ido ba ya kaiwa, a haɗa gefunansa da noti maimakon ƙusa da gam domin a iya cire gefe ɗaya a shigar da kyamara. Inda labari ya buƙaci a fasa murfi, akan nemi katakon balsa, mai sauƙin karyewa, ko a tsaga falankin ta ciki tun kafin ɗauka.

Siffa da nauyi

Akwati mai gefe shida, wanda ya buɗe a kafaɗa ya tsuke a ƙafa, ya fi mai kusurwa huɗu wahalar haɗawa, domin sai an karkata yankan kowane gefe. Duk da haka finafinan ban tsoro da na kaboyi sun fi son sa, saboda ko inuwarsa aka gani an san mutum aka auna.

A Nosferatu na F. W. Murnau (1922), wanda Albin Grau ya tsara kayansa, akwatunan cike suke da ƙasa da ɓeraye. Amma da Orlok, dodon fim ɗin, ya sauka daga jirgin ruwa, sai ga Max Schreck, mai taka rawarsa, ya saƙalo akwati guda a hammata yana ratsa gari da shi. Katako mai kauri cike da ƙasa ba zai ɗauku haka ba. Rashin nauyin da aka yi domin sauƙaƙa wa ɗan wasa shi ne ya koma shaidar cewa ƙarfin wannan halitta ba na ɗan Adam ba ne. Sergio Corbucci ya bi ta ɗaya gefen a Django (1966): Franco Nero na jan akwati da igiya cikin taɓo, kafaɗarsa na nuna wahala, mai kallo na ta tambayar wane ne a ciki, har aka buɗe aka ga bindiga mai sarrafa kanta. Da akwatin ya riƙa tsalle a bayansa kamar fanko, da asirin ya tonu tun farkon fim.

Kyamara a cikin akwati

Matsala mafi girma ita ce nuna abin da ke ciki. Carl Dreyer ya warware ta a Vampyr (1932) da 'yar tagar gilashi a murfi, daidai fuska, ya sa kyamara a gurbin mamacin tana kallon sama ana tafe da shi. A Kill Bill kashi na biyu (2004), Quentin Tarantino ya tsuke faɗin hoton, sannan ya bar allo cikin duhu, sai ƙarar guduma da zubar ƙasa kan murfi.

Buried na Rodrigo Cortés (2010) ne ya kai lamarin maƙura. An ɗauke shi a Basalona ta ƙasar Sifaniya, kuma daga farko har ƙarshe kyamara ba ta bar akwatin da aka binne Paul Conroy a cikinsa ba, direban babbar mota a Iraƙi, rawar da Ryan Reynolds ya taka. Mai kallo akwati ɗaya yake gani, alhali guda bakwai aka ƙera, kowanne da irin ɗaukar da aka yi shi dominta. Akwai wurin da kyamara ke yin sama tana nisantar jarumin, bangon katako na ta miƙewa kamar rijiya. Babu akwatin gawa mai wannan zurfi, amma ido bai musa ba, domin launin falankin da tsagoginsa iri ɗaya ne da na sauran.

Nan ne aikin kafinta ya haɗu da na mai ɗaukar hoto, Eduard Grau. Hasken fim ɗin daga layita yake, da wayar hannu, da tocila, da sandunan haske. Katako mai sheƙi zai watsa wannan ɗan haske ya sa wurin ya yi kama da ɗaki, shi kuwa ɗanyen falanki marar fenti yana shanye shi, ya bar zanen itacen a fili dab da fuskar jarumin. Tazarar da ke tsakanin falanki da falanki ma aiki take yi: ta nan yashi ke zubowa bayan murfin ya tsage, kuma yawan yashin ne ke gaya wa mai kallo sauran lokacin da ya rage wa Conroy. Da kafinta ya ƙara faɗin tsagar kaɗan, da akwatin ya cika kafin a gama maganar da ke cikin rubutun fim. Da ya rage ta, da fargabar ta yi sanyi.